Masu tuƙi da baya: daga Yarra zuwa Parramatta har bakin Murray

Abin da ya fara ɗaure min kai da mutanen nan shi ne da baya suke tuƙi. Ni ɗan Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, tun ban gama haddace ƙulhuwallahu ba na san yadda ake riƙe filafili, kuma duk wani matuƙi da na sani a rayuwata inda zashi yake kallo. To sai gani a Melbon ta Ostireliya, watana biyu da zuwa karatu, na yi asuba barci ya ƙi dawowa, na ce bari in fita in sha iska, na hau tiram na sauka a tashar Flinders Street na taka zuwa kan gadar Princes, ina leƙawa ƙasa sai ga wasu jirage dogaye sirara kamar an feƙe kara suna tsaga kogin Yarra, mutum takwas a jere kowa ya juya wa gabansa ƙeya, sai wani ɗan ƙarami a can ƙarshe shi kaɗai ke ganin hanya yana ta zuba musu ihu ta lasifika. Sanyi kuwa ba a magana, ni ina cikin rigar sanyi biyu su kuma daga su sai 'yar shimi.

Na ɗauki bidiyo na tura wa Kawu. Kawuna shekararsa ta fi arba'in yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa da shinkafa a kwale-kwale, kafin daga baya ya samu na inji. Lokacinmu ya riga nasu da awa goma a wannan watan, dan haka sai da na dawo daga lacca da yamma na tarar da saƙon muryarsa, yana dariya har da tari, yace, "Kai ɗan nan, wannan kuma wane irin tuƙi ne? To in akwai dorina a gaba wa zai gani?"

Washegari na koma, wannan karon na gangara ƙasa inda rumfunan jiragen suke jere a gefen lambun Alexandra, kulob bakwai ko makamancin haka kafaɗa da kafaɗa, cikinsu har da na Jami'ar Melbon wanda aka kafa tun 1859, shi ne mafi tsufa a ƙasar. Ina tsaye ina kallo kamar baƙauye ya shigo birni wani dattijo mai farin gashi da gajeren wando ya ce min in matsa za a fito da jirgi, na matsa, muka gaisa, nace masa a garinmu ma muna tseren jirage duk shekara muna kiransa Rigata. Kai, sai mutumin nan ya tsaya cak. Yace me nace? Nace Rigata. Ashe kalmarsu ce muka ara muka lanƙwasa, su ma ba tasu bace daga Banis ta Italiya ta taso, ta bi ta Ingila, wani reshe ya gangaro Ostireliya wani ya biyo Turawan mulki har Yauri. Daga nan muka ƙulla, yace in zo ranar Asabar akwai ajin 'yan koyo.

Na je da girman kai, gaskiya, ina ganin ai ni ɗan ruwa ne. Jirgin mutum takwas tsawonsa ya kusa mita 19 amma faɗinsa da ƙyar ya wuce ƙuguna, kujerar tana kan 'yan tayoyi tana zamewa gaba da baya, ƙafarka a ɗaure cikin takalmin da ke manne da jirgin, filafilin kuma ba a hannu yake sake irin namu ba, yana maƙale ne a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgi, tsawonsa ya kusa mita huɗu, kowa ɗaya yake riƙewa, huɗu dama huɗu hagu. Kuma ƙarfin ba a damtse yake ba, a cinya yake, ka naɗe kamar mai tsuguno ka tura da ƙafa sannan baya sannan hannu. Ni kuwa jikina ya saba da caka filafili can ƙasa, bugu na shida ko na bakwai na luma shi ya nutse ruwa ya riƙe shi gam, ƙotar ta dawo ta daki haƙarƙarina na kwanta rigingine kan ƙafafun yarinyar da ke bayana, jirgi ya tsaya. Suna ce wa wannan kama ƙaguwa. Kowa yace ba komai duk sun taɓa yi, amma kwana huɗu ina jin wurin in na yi ruku'u, kuma wannan bidiyon ban tura wa Kawu ba.

Bayan mun fito dattijon ya hau da ni bene shan shayi, bango cike da allunan katako an rubuta sunaye da ruwan zinare shekara bayan shekara, da tsofaffin hotunan mutane masu gashin baki sun harɗe hannu a ƙirji. Anan ya fara ban labarin da ya sa na ƙarar da hutuna da kuɗin aikin wanke-wanken da nake yi a gidan abinci wajen bin koguna.

Kafin 1 ga Janairu 1901 babu wata ƙasa guda mai suna Ostireliya, yankunan mallakar Ingila ne guda shida kowa da gwamnansa da kan sarkinsa na wasiƙa da kwastan ɗinsa a kan iyaka. Biktoriya ma, yankin da Melbon take, daga jikin New South Wales, yankin da Sidni take, aka yanke ta a 1851, a shekarar kuma aka tono zinare, Melbon ta yi kuɗi dare ɗaya ta fara ɗaga wa Sidni hanci. Gabar garuruwan nan biyu ta fi wasan Kanawa da Zagezagi zafi, dan su har babban birni suka kasa yarda a bar wa ɗaya sai da aka je daji aka gina Kanbera a tsakani. Mutanen Sidni har gobe cewa suke Yarra kogi ne da ke gudu a kife, laka a sama ruwa a ƙasa, kuma in ka ga kalarsa kamar kunun kanwa ba za ka ce sun yi ƙarya ba. To wannan gabar ita aka ɗauka aka zuba a ruwa. A 1863 aka yi karon farko na jirgin mutum huɗu a kogin Parramatta, New South Wales ta ci. Biktoriya ta kafa ƙungiyar tuƙinta ta yanki a 1876, sannan a 1878 aka yi tseren farko na jirgin mutum takwas tsakanin yankunan biyu a ƙasan Yarra wajen da yake dosar teku, Biktoriya ta rama. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, bana a Melbon baɗi a Sidni, a 1885 Queensland da Tasmaniya suka shigo, kafin ƙarnin ya ƙare na yamma da na kudu ma sun shigo, da aka haɗe ƙasa a 1901 sai suna kawai ya canza daga tseren yankuna zuwa tseren jihohi. Nisan wajen mil uku ne, kusan kilomita biyar kenan, sai a 1960 aka dawo da shi mita 2000 irin na Olamfik. Yawancin shekarun farkon nan Biktoriya ce ke lashewa, dattijon ya faɗi wannan har sau uku kamar shi ya tuƙa.

Na nemi ganin inda aka yi na 1878 ɗin, yace kar in wahalar da kaina, an gyara wa kogin hanya an yanka masa sabuwar magudana a 1886 dan manyan jiragen kaya, yanzu wajen duk tashar kwantena ce. Na je duk da haka wata Lahadi, ban ga komai ba sai ƙugiyoyin ɗaga kaya da shinge.

Amma abin da ya tsaya min a rai ba wanda ya ci bane, wanda aka bari ya hau jirgin ne. Tseren na waɗanda suke kira amaca ne, wato mai wasa dan sha'awa ba dan kuɗi ba, kuma kowa ya yarda wanda ya taɓa tsere a kan kuɗi ba ya ciki. Rigimar ita ce leburan da bai taɓa karɓar ko sisi a tsere ba fa? A Ingila dokar manyansu ta ce duk wanda ke cin abinci da ƙarfinsa, makaniki ne ko mai sana'ar hannu ko lebura, ba amaca bane, haka ma duk wanda ya taɓa aikin jirgi ana biyansa. Hujjarsu wai mai aikin ƙarfi kullum cikin motsa jiki yake dan haka zai cuci akawu da lauya. Mutanen Sidni suka ɗauki irin wannan ra'ayi, mutanen Melbon suka ce su sam, maƙeri da kafinta in dai bai ci kuɗin tsere ba ya hau. Shekaru aka yi ana wannan ja-in-ja, wasiƙa ta tafi wasiƙa ta dawo, har ya riƙa taɓa tseren kansa. Ina sauraro ina lissafi a zuci, nace to Kawu a dokar Ingila sau biyu ma aka kore shi, ga shi mai aikin ƙarfi ga shi matuƙin haya, mutumin da in ya kalli fatar ruwa zai faɗa maka inda dutse yake a ƙasa.

Hutun Ista na shiga jirgin ƙasa zuwa Sidni, tafiyar awa goma sha ɗaya, da jirgin sama awa ɗaya da rabi ne amma ina son in ga Albury. Gonaki, tumaki, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa kamar hanyar Kontagora da rani, ba wani abin labari. Albury tana kan iyaka daf da kogin Murray, kuma dandamalin tasharta dogo ne har ya wuce mita 400, dalili kuwa abin dariya, da layin dogon yankunan biyu ya haɗu a 1883 sai ya zama faɗin layin Biktoriya ƙafa biyar da inci uku, na New South Wales ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, jirgin wannan ba ya hawa layin wancan, dole kowa ya sauko da kayansa ya canza jirgi, sau da yawa cikin dare cikin sanyi, kuma haka aka yi ta yi har 1962. Na sauko na miƙe ƙafa na 'yan mintuna ina kallon tsawon wajen ina tuna cewa lokacin da aka fara tseren mutum takwas ko wannan haɗin ma babu, sai dai a loda mutane da jirginsu a jirgin teku. Mutanen da suka kasa daidaita faɗin layin dogo su ne duk shekara suke daidaita rana da awa da nisan tsere.

A Auburn na sauka wajen wani yayanmu da ya daɗe a can yana tuƙa tasi, muka yi Juma'a a babban masallacin Turkawa na Gallipoli, muka ci nama da dankali an malala masa miya kala uku. Da nace masa gobe zan bi kogi in ga wani dutse sai ya kalle ni yace, "Kai ƙanena, mutane na zuwa Sidni ganin Opera House kai ka zo ganin dutse?" Nace Yaya ai hanya ɗaya ce, daga gindinsa ma jirgin ke tashi. Ya yi tsaki amma da safe shi ya riga ni shiryawa.

Daga Circular Quay muka shiga jirgin fasinja mai zuwa Parramatta, ya bi ta ƙarƙashin babbar gadar nan ta ƙarfe ya wuce tsibirin Cockatoo, ruwan ya fara tsukewa, gidajen masu kuɗi ta ko'ina kowa da ɗan jirginsa ɗaure a ƙofar gida kamar akuya. Sunan Parramatta daga harshen 'yan asalin wajen yake, ana fassara shi da wurin da kifin nan mai kama da maciji ke taruwa. Bayan mun wuce gadar Gladesville na koma hannun dama na kafa ido, dan an ce min in na yi sakaci zai wuce ni, sai gashi, wani farin ginshiƙi tsaye a kan duwatsu cikin ruwa kusa da gaɓar Henley, samansa a gutsure kamar an sare shi. Da gangan aka yi shi haka, alamar ran da aka katse bai kai ba. Tsuntsun ruwa ɗaya na zaune a kai yana shanya fiffike. Cikin fasinjojin nan kaf ba wanda ya ɗaga kai daga waya sai ni da Yaya.

Na Henry Searle ne. Yaron kogin Clarence ne can arewa, a tsibiri ya tashi yana tuƙa kansa da 'yan uwansa zuwa makaranta kullum, wannan kam na gane shi sarai dan haka yaran tsibiranmu suke yi. A 1888 ya zama zakaran duniya na tseren mutum ɗaya a nan Parramatta bayan ya doke Peter Kemp, a 1889 ya je Landan ya kare kambunsa a kogin Thames a hannun William O'Connor na Kanada, a hanyar dawowa a jirgin teku taifot ta kama shi, ya rasu a Melbon ranar 10 ga Disamba 1889 yana da shekara 23. An ƙiyasta mutum 170,000 ne suka fito titunan Sidni rakiyar gawarsa. Ginshiƙin kuma a daidai inda ake ƙare tseren zakarun duniya aka dasa shi, mil uku da 'yan kai daga wajen Ryde.

Kuma ba shi ne na farko ba. Edward Trickett mai fasa dutse ne, a 1876 ya doke Joseph Sadler a Thames ya zama ɗan Ostireliya na farko da ya zama zakaran duniya a kowane irin wasa. Ned Hanlan na Kanada ya ƙwace a 1880, sai wani maƙeri daga Dapto mai suna Bill Beach ya karɓo shi daga hannun Hanlan a wannan kogin a 1884, ya riƙe har ya ajiye da kansa ba wanda ya kayar da shi. Waɗannan a kan kuɗi suke yi, fam ɗaruruwa, ga caca a bakin gaɓa, jiragen hayaƙi cike da 'yan kallo suna bin su a baya. Wato a kogi ɗaya ana abu biyu, mai fasa dutse da maƙeri su ne sunan ƙasar a duniya, gari ya tsaya cak in suna tsere, amma jirgin mutum takwas da ke ɗauke da sunan yankin an keɓe shi ga masu tafin hannu mai laushi. Yaya yace, "To ai ko yanzu haka ne, ni nake kai su filin jirgi amma ba na shiga falon manya." Muka sauka a Abbotsford muka zauna kusa da kulob ɗin tuƙi na Sidni, wanda aka kafa a 1870, muka sha lemo muna kallon yaran makaranta suna wanke jiragensu da tiyo.

A nan yake tambayata to kofin da ake ta wannan wahala a kansa fa. Shekara arba'in da wani abu ana tseren kafin kofin da ake ji da shi yanzu ya zo, kuma daga yaƙi ya zo. Bayan an gama yaƙin duniya na ɗaya dubban sojojin Ostireliya suna zaune a Ingila suna jiran jirgin komawa gida, sai a watan Yuli 1919 aka shirya tseren murnar zaman lafiya a Henley a kan Thames, Sarki George na Biyar ya ba da kofi ga jiragen mutum takwas na sojojin ƙawance. Ostireliya ta saka jirgi biyu, aka haɗa su da juna tun zagayen farko, na ɗaya ya wuce, ya doke Jami'ar Cambridge, ya doke Jami'ar Oxford a ƙarshe. Da aka kawo kofi gida sai hukumomin soja suka riƙe suka ce kayan tarihin yaƙi ne gidan ajiya zai tafi. Matuƙa suka roƙa aka hana, suka sake roƙa aka hana, ƙarshe suka rubuta wa Sarkin kansa takardar koke da sa hannun Kyaftin Clive Disher, likitan soja ɗan Biktoriya wanda shi ne mai ba da bugu a jirgin da ya ci. Amsa ta zo a 1921 ta hannun Winston Churchill, lokacin shi ne sakataren ƙasashen mallaka, cewa Sarki na so kofin ya zama na dindindin ga tseren jihohi na mutum takwas. Shi ne Kofin Sarki da ake yi har yau. Mata kuwa nasu tseren jihohin a 1920 ya fara da jirgin mutum huɗu, sai a 1999 ya koma na takwas, shi ake kira Kofin Sarauniya.

Ita dokar leburan a Ingila sai da ta ba da kunya sosai kafin ta mutu. Bobby Pearce ɗan Sidni ya ci zinare a Olamfik na 1928 a Amsterdam, shi ne wanda ya tsaya tsakiyar tsere ya bar agwagwa da 'ya'yanta suka wuce kuma duk da haka ya ci, amma masu babban tseren Henley na Ingila suka ƙi karɓarsa saboda kafinta ne, sai da ya koma Kanada ya canza aiki sannan ya je ya ci a 1931. A 1936 kuma aka hana jirgin mutum takwas na Ostireliya mai hanyar zuwa Olamfik na Balin shiga Henley saboda 'yan sanda ne, wai su ma masu aikin ƙarfi ne. Surutun da ya biyo baya shi ya sa aka goge dokar.

Tafiyata ta ƙarshe sai a hutun tsakiyar shekara, lokacin sanyinsu na gaske, na bi jirgin ƙasan da ke zuwa Adelaide na sauka a Murray Bridge, ƙaramin gari ne kimanin kilomita 75 kafin Adelaide, sunansa daga gadar da aka gama a 1879. Wallahi ina sauka na gangara bakin ruwa sai da ƙirjina ya buga, dan duk kogunan da na gani a ƙasar nan wannan ne kaɗai ya yi min kama da gida, faɗi, nutsuwa, ruwan ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa, ga kwasa-kwasa manya suna shawagi. Daga wannan ɗan garin ne aka samu matuƙan da ake kira Murray Cods, sunan wani ƙaton kifin kogin ne da kan iya haura kilo 100, giwan ruwansu kenan. Ma'aikata ne, da yawansu na reluwe da masu aikin hannu, wasunsu sun je yaƙi sun dawo, irin mutanen da shekaru kaɗan baya ake taƙaddamar ko sun cancanci hawa jirgi. Kulob ɗin ƙauye ɗaya ya ɗauki sunan jihar Ostireliya ta Kudu ya ci tseren jihohi a 1913, yaƙi ya katse, suka dawo suka ci 1920 da 1922 da 1923. Duk da haka da aka zo zaɓen masu zuwa Olamfik na Faris a 1924 sai da aka sa suka sake tseren gwaji, suka sake ci, kuɗin tafiya kuma sai da aka yi ta karo-karo. Sun je Faransa bayan makonni a teku, shekaru sun ja wa wasunsu, ba su kai zagayen ƙarshe ba, 'yan Jami'ar Yale na Amurka suka ɗauki zinare. Ni dai a raina da a ce a 1920 aka tura su, lokacin suna kan ganiyarsu, da labarin ya bambanta, amma wannan son zuciyata ne.

Kulob ɗin na nan har yanzu a bakin ruwa. Ranar da na je a rufe yake, na leƙa ta taga na ga jirage a jere kan maratayi kamar an shanya kifi, na zauna kan benci na ci burodi da kifin gwangwani da na taho da shi. Wani mai kamun kifi da ƙugiya a gefe, bayan mun ɗan taɓa hira na faɗa masa abin da ya kawo ni, yace in ina son ganin tsohon jirgin kogin nan ba a kulob yake ba, in shiga motarsa. Na ɗan yi jim, sannan na shiga. Muka fita bayan gari kaɗan ya tsaya gindin wata tsohuwar bishiyar turare, irin wadda ake shukawa a makarantunmu, ashe nan ne asalinta, amma wannan mutum uku ba za su rungume ta ba. A jikinta akwai wani dogon tabo mai siffar kwale-kwale ya fi tsayina nesa, gefensa ya warke ya yi leɓe. Yace mutanen Ngarrindjeri da sauran 'yan asalin kogin haka suke yi, su ɓamɓare ɓawon a dunƙule ba tare da sun kashe bishiyar ba, su gasa shi a wuta ya lanƙwasu, su toshe bakin da laka, shi kenan jirgi ya samu. Ya nuna min wani tsohon hoto a wayarsa, mutum a tsaye cikin irin wannan jirgin da doguwar gora a hannu, yana kallon gabansa.

Na ɗauki tabon na ɗauki hoton wayar na tura wa Kawu tun ina cikin motar. Sai da na isa Adelaide a bas da daddare amsa ta shigo, ana jin ƙarar inji da hayaniyar 'yan kasuwa a bayansa. Yace, "Yauwa, to waɗannan su ne matuƙa. Wancan na tsayen ka ga yadda ya ajiye ƙafarsa ta baya? Ya san ruwa." Ya yi shiru kaɗan, ina jin yana ce wa wani ya matsar da buhu tsakiya, sannan ya dawo yace, "Shi wannan kifin nasu mai kilo ɗari, nawa suke sayar da shi? Kuma uwarka tace kai wai tuƙi aka tura ka ko karatu."